Ranar da Aka Goge Zanen Ɗan Majalisa

Cikin duk kwanakin da na yi ina riƙe da ɗakin wanki, akwai rana ɗaya da har yau ba ta fita raina ba, ranar da Baba Inuwa ya goge zanen wani Bature. Ku da kuke wannan sana'a yanzu a Jidda, inji ke wanke muku, inji ke busarwa, ku kuna gefe kuna latsa waya, ku matso ku ji yadda abin yake a da. Na sha ba da labarin nan a ƙofar masallacinmu na unguwar Nuzla, amma gutsure-gutsure. Yau zan ɗauko shi daga tushe.

A tsakiyar shekarun sittin ne na miladiyya, alhazai sun watse, gari ya ɗan lafa. Lokacin ofisoshin jakadanci duk a Jidda suke, saboda haka manyan baƙi ba sa yankewa. Ina aiki a wani otal kusa da teku, wanda an daɗe da rushe shi. Ga yadda tsarin yake. A can sama akwai mudir, wato manajan gidan, wani mutumin Sham da muke kira Ustaz Fu'ad. Ƙarƙashinsa akwai mai kula da ɗakunan baƙi, shi ke tattaro kayan wanki da safe ya sauko da su. A can ƙasa, bayan kicin, inda iska ba ta san hanya ba, sai mu. Masu wanki daban, masu guga daban, ni kuma rayyis, shugabansu. Aikin rayyis shi ne ware kaya. Auduga ta tafi ruwa, ulu kuwa ba ya ganin ruwa, burushi da guga kawai. Sannan duk abin da zai koma sama sai ya bi ta hannunsa.

Ni a Sudan aka haife ni. Iyayena mutanen Katagum ne, sun taso aikin hajji, hanya ta riƙe su a can. A Bur Sudan na koyi wanki da guga wurin wani dattijo mai zafin rai, kuma shi ya dasa mini ƙa'idar da na zo da ita Jidda. Ya ce kaya in sun fita ƙofar ɗakin wanki, ba su da mai gogewa sai rayyis. In an ƙona riga, rayyis ne ya ƙona. Abin da zai yi wa mai laifi a cikin ɗaki, wannan tsakaninsu ne, amma suna ba ya hawa bene.

Baba Inuwa shi ne babba a cikin masu gugarmu, a shekaru ya haife ni ma. Mutumin Kura ne ta ƙasar Kano, kuma asalin sana'arsa bugu, wato a ɗora riga a kan gungumen itace a yi ta bugunta da sanda mai kauri har ta kwanta ta yi sheƙi. Da ƙafa ya taso daga gida, ya yi shekaru a hanya, ya binne matarsa a wani ƙauye na Sudan, ya tsallako teku shi kaɗai. Duk wannan tafiya bai rabu da sandar bugunsa ba, da ita yake matashin kai. Mutum ne mai shiru, amma yana da girman kai guda ɗaya: ba a taɓa samun yamutsi a kayan da suka fito daga hannunsa ba. In ya ga layin da bai kamata ba a jikin tufa, sai ka ce an zagi mahaifinsa.

Sai ku san wani abu. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama a ƙasar, duka a hannun mai otal take, shi ne kafilinmu. In aka sallame ka, ba aiki kaɗai ka rasa ba, zamanka a ƙasar ma ya ƙare, sai jirgin ruwa. Baba Inuwa kuwa ba shi da kowa a Kura da zai gane fuskarsa. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya sha faɗa mini muna cin abinci: "Rayyis, ni dai ƙasar nan ta rufe ni. Ban yi wannan tafiyar don a mayar da ni ba."

Da safen ranar motar ruwa ta yi latti, tankinmu ya kusa bushewa, ina can waje ina faɗa da direba. Ashe a bayana an sauko da kayan wani babban baƙo da ya iso jiya, aka ajiye wani abu a teburin Baba Inuwa aka ce masa guga kawai, ba wanki. Da na dawo wajen hantsi, na tarar da shi yana share zufa, fuskarsa cike da fara'a, abin da ba kasafai ake gani ba.

Ya ce, "Rayyis, zo ka ga aiki. Wallahi tunda nake ban taɓa gamuwa da zane mai taurin kai irin wannan ba. Duk bayansa a tattare yake, ninki a kan ninki, ko wace jaka aka cusa shi oho. Tun safe nake fama, amma na kwantar da shi."

Na duba teburin. Ulu ne mai nauyi, kore da shuɗi mai duhu, gida-gida, da farin layi siriri yana ratsawa. Ga maɗaurai na fata a ƙugu. Na san abin nan. Ina yaro a Sudan na ga sojojin ƙasar Sikotlan suna maci da shi, gwiwa a waje, suna busa wata salka mai kukan akuya. Ba zanen mace ba ne, tufar girma ce ta mazansu, kuma ninkin nan na baya shi ne tufar gaba ɗaya. Tela ne ya jera shi da gangan. Daga ƙugu zuwa ɗuwawu a ɗinke yake, daga nan zuwa ƙasa kuwa karin guga ne kaɗai ke riƙe da shi. Wannan karin Baba Inuwa ya bi ɗaya bayan ɗaya, da jiƙaƙƙen ƙyalle da dutsen guga mai cike da gawayi, ya share shi tas. Abin ya baje kamar labulen shago.

Da na yi masa bayani, fara'ar ta zube. Ya zauna a kan bokiti. Ya ce, "Inna lillahi. Shi ke nan, jirgi."

Na ce, "Baba, tashi ka zuba sabon gawayi. Ba wanda ya kira jirgi tukuna."

Na naɗe zanen a hannuna na hau sama da kaina. Ba zan ɓoye muku ba, da tsoro na hau matakalar nan, don ni ma ina da mata da yara a Nuzla, iƙamata kuma a aljihu ɗaya take da ta Baba Inuwa. Na fara biyawa ta wurin mudir. Ustaz Fu'ad ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne kawai, kuma tsoro kan sa shi ihu. Da ya gani ya dafe kai. Ya ce baƙon nan ba ƙaramin mutum ba ne, ɗan sarauta ne a ƙasarsu, mai tsaunuka da tafki da ƙauyuka, ɗan majalisar dokoki kuma. Ya zo ne kan harkar wani kamfanin jiragen ruwa, kuma yau bayan magariba mutanen ƙasarsu da ke aiki a Jidda za su yi masa liyafa a gidansu, da wannan tufar zai tsaya ya yi jawabi.

Muka ƙwanƙwasa ɗakin. Dogon dattijo ne, jajir, gashin girarsa kamar tsintsiya. Sunansa na da tsawo, harshenmu bai taɓa iya shi ba, a ɗakin wanki Mai Tsauni muka sa masa. Na warware zanen a gabansa. Na yi tsammanin zai yi tsawa. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓa, ya shafa wurin da ninkin yake a da, ya zauna a bakin gado. Ya faɗi wata magana da Turanci, mudir ya juyo ya fassara mini da murya ƙasa-ƙasa: na yayansa ne, wanda ya mutu a yaƙi.

Nan Ustaz Fu'ad ya taso mini, da Larabci, da ƙarfi, don baƙo ya ga ana hukunci.

"Ya Usman, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne rayyis, ya ustaz."

"Ban tambaye ka wane ne rayyis ba. Hannun wa ya riƙe dutsen?"

"Daga ɗakina ya fito, ni na kawo shi."

"Ka ba ni suna, yau ɗin nan ya tattara nasa, magana ta ƙare. In ba haka ba, kai za ka tattara."

Na ga fuskar 'ya'yana, na ga Baba Inuwa zaune a kan bokiti. Na ce, "To ka rubuta Usman."

Sai muka ji an yi magana daga bakin gado, da Larabcin Sudan, irin na da, wanda ya yi tsatsa. "Ya rayyis." Ni da mudir muka juya tare. Ashe mutumin nan ya yi aikin soja a Sudan yana saurayi, duk abin da muke faɗa yana ji. Ya dube ni ya ce, "Zai gyaru?"

Na amsa masa yadda ake amsa wa hafsoshi a can. Na ce, "Janabak, ban taɓa yi ba. Amma saman a ɗinke yake, zai nuna mana inda kowane ninki ya faro. In akwai wanda ya san yadda ratsin yake sauka, za mu gwada."

Ya miƙe ya ce, "Ni na sani. Yalla, mu je."

Mudir ya yi ta roƙonsa, wai ɗakin wanki ba wurin manya ba ne, akwai zafi, akwai hayaƙi. Ko waiwaye bai yi ba. Haka muka sauko, ni a gaba, mai tsaunuka a bayana, masu kicin suna leƙe. Masu wanki suka tsaya cak da kumfa a hannu. Na kora su bakin aikinsu, na share dogon tebur, na kira Baba Inuwa. Na ce wa baƙon wannan shi ne hannun da ya fi kowane a gidan nan. Ban yi ƙarya ba.

Ga yadda muka raba aikin. Mai Tsauni ya nuna mana cewa kowane ninki, farin layin nan ne ke zama a tsakiyarsa, tun daga ƙugu har ƙasa, in ka tsaya a baya sai ka ga fararen layuka a jere. Shi ke kama layin da yatsa, ni ina ninkawa ina kama shi da allura da zare, ɗinkin wucin gadi, Baba Inuwa na biye da jiƙaƙƙen ƙyalle da dutse. Na farkon da muka yi sun ba mu kunya. Da an ɗaga dutse, tururi ya fita, sai ulun ya kumburo, karin ya saki. Muka sake, ya sake saki.

Baba Inuwa ya tsaya yana kallon abin. Sai ya tafi lungun da yake ajiye tabarmarsa, ya dawo da sandar bugunsa, baƙa wuluk, ta sha hannu har tana ƙyalli. Na ce, "Baba, ulu ne fa, ba shadda ba." Ya ce, "Na sani, ba dukansa zan yi ba." Ya ɗora dutse, ya ɗaga, kafin tururin ya tsere ya kwantar da sandar a kan karin, ya danna da dukkan nauyinsa, ya tsaya har wurin ya huce. Da ya ɗaga, karin ya tsaya kamar bakin wuƙa. Mai Tsauni ya taɓa da yatsa, ya dubi sandar, ya ce telansu na gida ma da katako yake yi, shi ya manta.

Aikin ya ɗauke mu tun kafin azahar har bayan la'asar, sallah kaɗai ke tashinmu. In mun tafi, shi sai ya zauna yana gadin gawayi. Ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya yi jajir kamar gauta. A cikin wannan zaman ne ya ba mu labarinsa, ni ina juya wa Baba Inuwa da Hausa.

Ya ce kowane gida a ƙasarsu da irin ratsinsa, in ka ga zanen mutum ka san ɗan wane gida ne. Shi ƙane ne, ba a haife shi don gado ba, shi ya sa aka tura shi soja. Yayansa aka shirya wa ƙasar, aka ɗinka masa wannan zane don ranar da zai karɓe ta. Yaƙi ya ci shi. Sai aka kira ƙane ya dawo gida, ya tarar da tsaunuka da tumaki da barewa, da mutanen da ke zaune a gonakin gidansu tun kaka da kakanni, da rufin ɗakuna masu yoyo, da uba tsoho da ba ya son a canza komai.

Da ya ga kukan mutanen ba ya isa birnin da ake yanke hukunci, sai ya tsaya takarar majalisar wakilai. Ya ce gida-gida ya bi yana neman ƙuri'a, har gidajen da ke kan ƙasar ubansa. Wata tsohuwa ta bar shi a tsaye cikin ruwan sama, ta ƙi buɗe ƙofa duka, ta ce ya je ya gyara mata rufi tukuna sannan ya dawo su yi maganar ƙuri'a.

Da na fassara wannan, Baba Inuwa, wanda tun da muka fara aikin bai ɗaga kai ba, ya tsaya da dutse a hannu. Ya ce, "Rayyis, tambaye shi. Ƙasar tasu ce, gidan nasu ne, kuma shi ne a waje cikin ruwa?"

Na tambaya. Mai Tsauni ya yi dariya, karo na farko a ranar. Ya ce, "Gaya masa na gyara rufin. Kuma har ta mutu ban san ko ni ta zaɓa ba."

Ya ci zaɓen. Ya yi shekaru a majalisar, yana tashi yana magana kan hanyoyi da jiragen fito da masunta, abubuwan da 'yan birni ke hamma in an ɗauko su. A hankali aka san shi, har aka ba shi ƙaramin minista mai kula da kamun kifi da tasoshin jiragen masunta. Ya ce lokacin kowa na cewa gaba zai yi, babbar kujera na jiransa.

Daga nan muryarsa ta sauka, ya daina kallona, sai zanen. Ya ce akwai wani ƙauyen masunta da aka gyara wa katangar da ke kare jiragensu daga igiyar ruwa. Wani injiniya a ƙarƙashin ofishinsa, mutum mai ƙwazo da ya kusa ajiye aiki, shi ya duba ya ce ta yi. Hunturu ya zo da guguwa, katangar ta karye, jiragen ƙauyen suka farfashe. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma mutane sun rasa abin neman abinci. Majalisa ta ɗau zafi. 'Yan adawa suna buga benci suna cewa a faɗi sunan wanda ya sa hannu. Manyan jam'iyyarsa suka ja shi gefe suka ce ya ba da sunan, ƙura ta lafa, shi ya wuce gaba.

Na ce, "Janabak, ka bayar?"

Ya ce, "Na tashi a gabansu na ce ofishina ne, ni ne a kansa. Na ajiye muƙamin a ranar. Ba a sake ba ni wani ba."

Ya ci gaba da zama ɗan majalisa a kujerun baya har ubansa ya rasu. Da ya gaji sarautar, dokarsu ta fitar da shi daga majalisar wakilai, daga baya ya koma ta sarakai, inda ya ce dattawa ke zuwa su yi gyangyaɗi cikin mutunci. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce ya yi kewar kujerar ƙwarai, har yau in ya ga waɗanda suke bayansa sun zama manya, wani abu na sukarsa. Amma injiniyan nan shi aka sake ba aikin katangar, kuma wadda ya gina ta biyu tana nan tsaye.

Na juya wa Baba Inuwa wannan duka. Ya ajiye sandar. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce da Hausa, "Rayyis, ka gaya masa ni ne. Ba zan iya ba. Zanen nan na yayansa ne, kai kuma da 'ya'ya ƙanana."

Na ce, "Baba, ga ninki can na jiranka."

"Usmanu, ɗana, ka ji tsoron Allah, ka gaya masa."

"A ɗakin nan ni ne rayyis, Baba. Ɗauki sandarka."

Mai Tsauni ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce gawayi ya kusa mutuwa."

Ya dubi dutsen gugar, ga garwashi jajir yana huci ta ƙofofinsa. Ya dubi Baba Inuwa. Sai ya sa yatsa a kan farin layi na gaba ya ce, "To mu yi sauri."

Bayan la'asar muka kai ninki na ƙarshe. Muka bar zanen ya huce sosai, sannan na zare zaren riƙon a hankali. Na ɗaga shi ta ƙugu na girgiza. Ninkin suka buɗe suka koma suka rufe a tare, fararen layuka a jere, ba wanda ya karkace. Masu wankin da na kora ashe duk suna bayanmu, wani ya yi kabbara. Ni kuwa wani daɗi ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa jin irinsa a bakin aiki ba, ko kafin ranar ko bayanta.

Gab da magariba aka aiko in hau zauren karɓar baƙi, wai in zo da dattijon nan mai sanda. Baba Inuwa bai taɓa taka zauren ba. Ya wanke fuska, ya gyara hula, ya biyo ni kamar wanda za a kai gaban alƙali. Muka tarar da Ustaz Fu'ad a tsaye yana murza hannu. Sai ga Mai Tsauni yana saukowa daga bene cikin zanen, da baƙar kwat gajera, da wata jakar fata a gaba, da doguwar safa, ga gwiwoyi a waje farare fat. An kawo mota har bakin ƙofa don kada ya taka titi a haka. Baba Inuwa ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Duk wahalar nan, ashe bai ma rufe gwiwa ba." Na danne dariya da ƙyar.

Ya tsaya a gabanmu, ya juya baya don mudir ya ga ninkin, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Ya rayyis, ina da tambaya. Wa ya yi wannan gugar?"

Wannan karon ban tsaya tunani ba. Na ɗaga murya yadda duk zauren zai ji. Na ce, "Inuwa ne, mutumin Kura, mabugi ɗan mabugi. Ga shi nan."

Ya miƙa masa hannu. Baba Inuwa ya goge nasa a jikin riga, ya kama da hannu biyu. Mai Tsauni ya ce in gaya masa tun ranar da tela ya miƙa wa yayansa zanen nan bai sake yin kyau irin na yau ba.

Ustaz Fu'ad ya ga fuska ta saki, sai ya matso yana murmushi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shi kuma wanda ya ɓata shi da safe, ka kwantar da hankalinka, yau zan san ko wane ne, gobe ba zai kwana a gidan nan ba."

Mai Tsauni ya dube shi daga sama. Ya ce, "Ya mudir, ka yi tambayar nan da safe a gabana, an ba ka amsa. Ni ma an taɓa yi mini ita a wurin da ya fi nan hayaniya, amsar da na bayar ke nan. In shugaba ya ce shi ne, ba a sake tambaya. In kuwa za ka kori rayyis, ka gaya mini yanzu, in san inda zan kai kayana wanki in na dawo."

Ya shiga mota ya tafi. Kwana kaɗan bayan haka ya bar Jidda, ban sake ganinsa ba, ban kuma san yadda ya ƙare ba. Ustaz Fu'ad ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, daga baya ya huce, bai sake tayar da maganar ba. A ɗakin wanki kuwa na yi abin da ya rage nawa. Na tara kowa na kafa doka: duk tufar da ba ka san irinta ba, ko wa ya ajiye maka, kada dutse ya taɓa ta sai rayyis ya gani. Baba Inuwa ne ya fara cewa ya ji ya yarda.

To ku da ake ba riƙon ɗaki yanzu, abin da nake so ku ɗauka ke nan. Rayyis ba shi ne wanda ya fi kowa iya guga ba, ni ban kai Baba Inuwa ba ko kusa. Rayyis shi ne wanda in an zo neman wanda za a kora, sunansa kaɗai ake samu, in an zo neman wanda za a yaba, sai ya matsa gefe ya nuna mai hannun. A Bur Sudan na koyi rabin farko wurin tsohon maigidana. Ban san cewa har a majalisar wata ƙasa mai sanyi akwai wanda ya biya kujerarsa a kan wannan ƙa'idar ba, sai da ya zauna a ɗakina yana gadin gawayi.

Baba Inuwa ya ci gaba da guga a teburinsa har hannunsa ya daina ɗaukar dutse. Da ƙarfi ya ƙare, ya dawo gidana a Nuzla, yarana suna kiransa kaka. Wata shekara cikin azumi ya ce in kai shi Makka ya yi umra, na kai shi, a can ciwo ya kama shi, a can ya cika. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ƙasar da ya taka da ƙafa ya zo nema, ita ta rufe shi. Sandar bugun tana ɗakina, duk wanda ya zo zan nuna masa.